Sojan da Ba Ya Cikin Kasafi: Tarihin 'Yan Sa-kai a Ƙasar Birnin Gwari

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta haura murabba'in kilomita 6,000. Ta fi jihar Legas faɗi nesa ba kusa ba, amma a ƙidayar 2006 mutanenta dubu ɗari biyu da hamsin ne da 'yar ɗoriya, a warwatse cikin mazaɓu 11, daga Randagi da Kakangi a yamma zuwa Kuyello da Dogon Dawa a gabas. Ta jingina da Zamfara da Katsina da jihar Neja. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, shi kaɗai ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma bai tsaya nan ba, ya sarƙe da dajin Kuyambana ya shige ƙasar Dansadau. Tsohon Birnin Gwari, inda sarauta ta zauna kafin ta sauko bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Legas, yana can kan hanyar Funtua, ga daji a gefe, ga zinariya a ƙarƙashin ƙasa wadda ake haƙa tun zamanin Turawa.

Babu hukumar da ta taɓa mallakar isassun masu albashi da za su tsare ƙasa irin wannan. Sarakuna ba su samu ba, Turawa ba su samu ba, gwamnatocin bayansu ma haka. Saboda haka duk lokacin da abu ya ɓaci, tsaro yakan koma wuyan manomin da zai jingine fartanya ya ɗauki makami, in ƙura ta lafa ya koma gona. Wannan mutum ya daɗe a tarihinmu. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ke kiransa, da wanda ke shirya shi, da wanda ke ɗaukar nauyinsa.

A ƙarni na 19 masarautun ƙasar Hausa ba su da babbar runduna ta dindindin. Abin da sarki ke riƙewa a kusa da shi 'yan kaɗan ne: bayin fada, dogarai, 'yan lifida, da kuma 'yan bindiga da suka ƙaru a ƙarshen ƙarnin. Sauran mayaƙa kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sai an yi shela ake samun su. Sarki ya aika wa hakimai, hakimai su aika wa dagatai, kowa ya fito da mutanensa, masu doki da dokinsu, dakaru da baka da kwari da mashi da garkuwa. A Zazzau Madaki ne ke jan dawaki, a ƙarƙashinsa akwai barade da jarumawa, kowanne ya san tutarsa da wanda zai amsa wa. Maharba ma suna da Sarkin Baka. Mutum ba ya fita yaƙi don ransa ya so, kuma ba ya zaɓen abokin gaba da kansa.

Masu wancan tsari sun fahimci wani abu da ya kamata a daɗe ana kallonsa: mayaƙinsu manomi ne, don haka yaƙi ya bi kalandar noma. Sai an yi kaka, an kai amfani rumbu, rafuka sun janye, ciyawa ta bushe, sannan a buga tambarin fita. Da hadari ya fara haɗuwa, runduna takan fara narkewa ko sarki ya so ko bai so ba, domin babu mai zama a sansani ya bar gonarsa ta kwana ba shuka. Kowa yakan fito da guzurinsa, garuruwan da ke kan hanya su ciyar da baƙi. Ladan kuwa ganima ce, a fitar da humusi, a raba saura. Kayan yaƙi masu tsada, irin su dokin kirki da sulke da lifidi, manya ne ke saye su ba yaransu, shi ya sa riƙe sarauta ya ƙunshi riƙe barga. A kan iyakoki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi, ya zaunar da mutane a cikinsu, aka ba su gonaki, su noma da damina su tsare hanya duk shekara. Ganuwar gari kuma aikin gayya ce, kowace unguwa da ɓangaren da za ta gyara bayan ruwa ya ɗauke.

Ba na faɗar wannan don in yi wa zamanin ado. Ganimar da ake rabawa yawancinta mutane ne, kuma ƙasashen Gwari da Kamuku suna cikin waɗanda suka fi kowa biyan wannan farashi. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora a tsakiyar ƙarnin, da ɗansa Ibrahim bayansa, sun shekara da shekaru suna kai hari a wannan shiyya, har garuruwa da dama suka tashi, wasu suka haye duwatsu. Mutanen wannan yanki sun san zaman ɗar-ɗar tun kafin a haifi kakannin 'yan bindigar yau. Abin lura dai shi ne, a wancan lokaci kowa ya san cewa mayaƙin wucin gadi yana da tsada, kuma akwai wanda aka ɗora wa biyanta.

Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da runduna ƙarama mai albashi da horo da bindiga mai jigida. A 1906 talakawan Satiru, da gatura da fartanyu da kibau, suka karya wata rundunar Turawa a wuni ɗaya. Kafin wata ya cika aka dawo musu da shiri, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Zuciya takan ci yaƙin rana ɗaya, amma ba ta iya riƙe fage in babu horo da makami da wanda zai kawo ɗauki. Wannan darasi zai sake dawowa a dajin Birnin Gwari bayan shekara ɗari da 'yan kai.

Daga nan aka hana sarakuna tara mayaƙa. Birnin Gwari ta zauna a lardin Zazzau a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, da En'e ɗinta, da dogarai da 'yan doka masu ɗan albashi daga baitulmali. Su ma ba su da yawa. Ƙarfin tsarin yana wurin mai unguwa da dagaci da arɗo, waɗanda suka san duk baƙon da ya kwana a ƙasarsu, suka kuma san za a tuhume su in saniya ta ɓace a hannunsu. Bayan juyin mulkin 1966 aka fara narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan tarayya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya zare wa sarakuna sauran ikon da ya rage musu. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ce babu wata rundunar 'yan sanda a ƙasar nan sai ɗaya. Dokar makamai ta 1959 ta riga ta taƙaita abin da farar hula zai riƙe, ƙauye bai tsira da komai ba sai bindigar toka ta farauta. An ɗauke wa gari ikon tsare kansa, ba a kuma aiko masa da isassun masu tsaronsa ba. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 'yan sandanta ba su kai dubu ɗari huɗu ba, kuma kaso mai yawa na bin manya da jakunkunansu a birane.

A cikin wannan giɓi 'yan banga suka tsiro. Da farko aikinsu mai sauƙi ne: sintirin dare da tocila da gora da usur, tsare kasuwa ranar ci, rakiyar motoci inda 'yan kwanta-kwanta ke tare hanya, bin sawun ɓarawon akuya. Maharba da 'yan tauri su ne ƙashin bayan abin, saboda sun san daji kuma mutane sun yarda da layunsu da gurayensu. Gari kan yi musu karo-karo, a sayi batir da albarushi, ranar kasuwa a zaga da kwano. Irin wannan aiki manomi yana iya haɗa shi da gonarsa. Ya kwana biyu a mako a bakin gari, sauran kwanaki ya huta.

Satar shanu da manyan makamai ita ta sauya lissafi, daga wajen 2011. Ranar Lahadi 14 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka shiga Dogon Dawa da asuba, suka buɗe wuta a kan masu fitowa daga masallaci, suka bi wasu har gida, suka kashe kimanin mutum 20. Bayanin da jami'an tsaro suka bayar a lokacin shi ne, ramuwar gayya ce, domin 'yan bangar garin sun daɗe suna takura wa gungun, har sun kashe musu mutane. A nan ya kamata mai karatu ya dakata. 'Yan bangar Dogon Dawa ba gazawa suka yi ba, nasara suka yi, kuma nasarar ce ta jawo wa garin kisa. Ɗan sanda in ya kama ɓarawo, yakan koma bariki, bayan shekara biyu a yi masa canjin wurin aiki. Ɗan banga kuwa an san gidansa, an san gonarsa, an san masallacin da yake salla da hanyar da matarsa ke bi zuwa rafi. Duk abin da ya yi a daji, iyalinsa ne jingina.

Abin da ya biyo baya a ƙetaren iyaka ya fi muni. A watan Yuni 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara ta Zamfara. Ranar 5 ga Afrilu 2014, 'yan banga da maharba da shugabannin al'umma daga jihohi makwabta suka taru a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru don su tsara yadda za su tunkari ɓarayin. Ɓarayin suka zo a kan babura suka tarar da su a wuri ɗaya. Mazauna garin sun ce gawawwakin da suka binne sun haura ɗari nesa. Taro ne na masu tsaro, amma babu wanda ya tsare taron, kuma labarinsa ya riga ya isa daji kafin a zauna.

A tsakanin waɗannan shekaru ne sunan 'yan sa-kai ya rufe na 'yan banga. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗan banga yana da rajista ko yaya take, yana da shugaba da ofishin 'yan sanda ya sani, kuma bisa ƙa'ida in ya kama mutum sai ya miƙa shi. Ɗan sa-kai sau da yawa mutum ne da aka kashe wa uba ko aka kore masa shanun noma, ya sayar da buhun masara ya sayi bindiga ƙirar maƙera, ya nemi 'yan'uwansa masu irin ciwonsa. Babu wanda ya tantance shi, babu wanda ya koya masa bambanci tsakanin wanda ake zargi da wanda aka kama da laifi. Dole a faɗi gaskiya a nan ko da tana da ɗaci: 'yan sa-kai sun kashe Fulani da yawa da ba su ji ba ba su gani ba, a kasuwanni da kan hanya, sun ƙone rugage, sun kwashe dabbobi. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya shiga dazukan ya zauna da 'yan bindigar, ya nuna yadda kisan wani dattijon Fulani, Alhaji Isshe, a Chilin ta ƙasar Dansadau, ya zama hujjar da gungu-gungu suka riƙa tara matasa da ita. Bafulatanin da aka hana shi shiga kasuwa, aka kuma ƙi jin ƙararsa, ɓarawon daji ne kaɗai ya rage mai buɗe masa ƙofa. Ta haka rundunar da aka ce ba ta cin ko kwabo ta zama mai yi wa abokan gaba ɗaukar sabbin mayaƙa.

Shekarar 2018 ita ce Birnin Gwari ba za ta manta ba. A farkon Maris aka kashe jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a rikicin cikin gida da wani ɗan bindigar, Dogo Giɗe, yaran Buharin suka fantsama. Ranar 20 ga Maris 'yan bindiga suka auka wa sansanin soja a Kamfanin Doka, kan hanyar Funtua, suka kashe soja 11. A ƙarshen Afrilu aka kashe masu haƙar zinariya 14 a Janruwa. Ranar Asabar 5 ga Mayu, da rana tsaka, suka kewaye Gwaska. 'Yan sa-kai suka tsaya, suka yi abin da bindigar toka za ta iya yi a gaban AK-47, wato harbi ɗaya sannan a tsaya ɗuri. Gawa 45 aka fara kwasowa, adadin ya ci gaba da hawa a kwanakin da suka biyo, kuma da yawa daga cikinsu masu kare garin ne. 'Yan sa-kai ɗin da suka rage su ne suka shiga daji neman gawawwaki. Bayan wannan ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a girke bataliya a yankin, shugaban sojojin ƙasa na lokacin, Janar Tukur Buratai, ya zo da kansa a watan na Mayu ya buɗe sansani, aka sa wa aikin suna Idon Raini. Mai martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, ya daɗe yana kiran a kawo ɗauki kafin ranar.

In ana maganar shiri, ba makami kaɗai ake nufi ba. Babbar matsalar ɗan sa-kai ita ce lokaci. Mayaƙin ƙarni na 19 da rani yake fita, abokin gabansa ma manomi ne mai jiran rani. Ɗan bindigar yau bai dogara da gona ba. Damina ita ce ma lokacinsa, sa'ad da ganye ya rufe daji, masara ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum, hanyoyi suka lalace yadda motar soja ba ta shiga. Daidai lokacin da gari ya fi bukatar masu gadi, shi ne lokacin da masu gadin ke bukatar zama a gona daga safe har la'asar. Wanda ya kwana a bakin gari da bindiga ba zai yi noman kirki da safe ba. In ya yi sati yana bin sawun waɗanda aka sace, ciyawa ta cinye masa shuka. Gari kuma ba ya iya cewa yau muna da mutum hamsin a shirye, domin goma sun tafi kasuwa, biyar suna jinya, wasu sun tafi ramin zinariya inda ake samun kuɗi a hannu. Suna da yawa a baki, amma ranar da aka ji ƙarar babura, wanda ke nan shi ke nan.

Sai kuma tsada, wadda ba a taɓa rubuta ta a kasafin kowace gwamnati ba. Gidaje ne ke karo-karon man babur da harsashi da abincin masu sintiri. Gidajen nan dai su ne ke biyan kuɗin fansa in an sace nasu, su ne kuma ke biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka da kafin a yi girbi, wanda shugabannin yankin suka ce ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. In ɗan sa-kai ya ji rauni, 'yan'uwansa ne za su sayar da akuya su kai shi asibiti. In ya mutu, babu fansho, babu diyya, matarsa ta koma gidan iyayenta da marayu. Rahotannin tsaro na gwamnatin Kaduna sun ƙirga mutum 937 da aka kashe a jihar a 2020, da 1,192 a 2021, da mutum 3,348 da aka sace a 2021 ɗin, kuma Birnin Gwari kullum tana cikin na gaba-gaba. A Zamfara, kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda M. D. Abubakar ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, da zawarawa kusan 5,000, da marayu sama da 25,000. A ƙarshen 2021, da aka rufe layukan waya, aka hana hawa babur da cin kasuwannin mako a Birnin Gwari da makwabtanta, matakin ya ƙuntata wa ɓarayi na ɗan lokaci, amma ya kuma yanke wa ƙauyuka hanya ɗaya da suke da ita ta kiran juna in an kawo hari.

Inda hukuma ta bar wuri, wani zai zauna. A gabashin masarautar, wajen Damari da Kuyello, 'yan Ansaru suka shigo da tayin da ya yi wa mutane daɗin ji: za mu kare ku daga ɓarayi, ba ma son kuɗinku. Sun yi faɗa da ɓarayin kuwa, sun raba kayan azumi, sun yi wa'azi, sun nemi aure a garuruwan. Zuwa 2022 sun kai ga hana harkar siyasa a wasu ƙauyuka, kamar yadda ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta sanar da duniya. Da suka janye daga Damari a daminar shekarar, ɓarayi suka shigo, mutanen gari suka watse. Kariyar da aka ce kyauta ce, da 'ya'yan mutane da 'yancinsu aka biya ta.

Gwamnoni sun yi ta kai-komo a kan wannan al'amari. Bello Matawalle ya haramta 'yan sa-kai a Zamfara a 2019 don a samu sulhu. Aminu Waziri Tambuwal ya haramta su a Sakkwato a 2021, bayan kashe-kashen kasuwanni da ramuwar da ta biyo a Goronyo. Haramcin bai kawar da su ba, domin dalilin da ya fito da su yana nan. Daga baya sai aka juya ga mayar da su ma'aikata. Kaduna ta yi dokar kafa hukumar 'yan sintiri ta KADVS tun 2016, Gwamna Uba Sani kuma ya ɗauki mutum 7,000 a 2023 aka kai su horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da kusan mutum 1,500 a Katsina a watan Oktoba na shekarar, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara 2,646 a ƙarshen Janairu 2024. Wannan ya fi barin kowa da bindigarsa, amma a nan ne kuɗin da aka daɗe ana ɓoyewa ke fitowa fili. Mu ɗauka za a biya mutum 7,000 mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Naira miliyan 490 ke nan kowane wata, kusan biliyan shida a shekara, ba a sayi babur ko taya ko rediyon oba-oba ba, ba a yi maganar asibiti da diyya ba. Gwamnatin da ta yi bikin yaye dubbai ba ta tanadi wannan ba, ta tara matasa ne ta koya musu harbi, sannan ta bar su da yunwa.

Ƙasashen da suka daɗe da sojojin wucin gadi sun san haka. Ingila ta kafa irin wannan runduna tun 1908. Mai shagon da ya shiga cikinta yana yin horon kwana 27 a shekara, ana biyansa kowace rana, in ya cika sharuɗɗa a ba shi kyautar kuɗi ta shekara, kuma dokar 1985 ta hana a kore shi daga aiki don an kira shi fagen fama. A Amurka ƙarshen mako ɗaya ne kowane wata da mako biyu a shekara. Duk da wannan gata, da Ingila ta so ta rage sojan dindindin zuwa 82,000 ta cike giɓin da 'yan wucin gadi 30,000 don ta rage kashe kuɗi, ta sha wuya shekara da shekaru wajen cika adadin. Sojan wucin gadi ya fi sojan bariki araha, amma kafin a tura shi gaba sai an ƙara masa horon watanni. Kusa da mu kuwa, Burkina Faso ta yi doka a Janairu 2020 ta ɗaukar 'yan sa-kai da horon mako biyu kacal. An samu dubbai, an kuma samu gawawwakinsu da yawa, tare da zarge-zargen kisan Fulani iri ɗaya da namu. A Nijar, a watan Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu ya fita da 'yan sintirinsa neman mahara, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. A Borno ma, 'yan kato-da-gora da suka kori Boko Haram daga unguwannin Maiduguri a 2013, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga jerin masu karɓar alawus na wata.

A ƙarshen Nuwamba 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari. Gwamna Uba Sani ya zo ya karɓi waɗanda suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, tireloli suka koma lodin shanu da hatsi, manoma suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Duk wanda ya san abin da hanyar Buruku zuwa Udawa zuwa Kuriga ta zama a shekarun baya ba zai raina wannan ba. Sai dai an zauna da masu bindigar daji, an yi musu alkawarin kasuwa da makaranta da asibiti. Mutumin da ya tsaya a bakin Gwaska da Dogon Dawa da Kakangi shekara goma sha biyu ba da sisin kowa ba, shi da marayun abokansa, har yanzu ba su ga nasu lissafin ba. Bindigarsa tana nan, ciwonsa ma yana nan.

Ra'ayina shi ne, ƙasa irin Birnin Gwari ba za ta daina bukatar ɗan gari mai tsaron gari ba, ko an girke bataliya nawa. Amma a ɗauke shi da suna da hoto, dagaci da arɗo su sa hannu tare, a sa Fulani da Gwari da Kamuku da Hausawa a runduna ɗaya. A tsara masa kwanakin aiki da za su bar shi ya yi noma, a biya shi kowace ranar da ya fita, a maimaita masa horo kowace shekara bayan girbi, a kuma kai shi kotu in ya taɓa wanda bai yi laifi ba. Ina kira ga majalisar dokokin jihar Kaduna da majalisar masarautar Birnin Gwari su fara da abin da ya fi sauƙi: a bi mazaɓu 11 ɗin nan a rubuta sunan kowane ɗan banga da ɗan sa-kai da ya mutu ko ya naƙasa tun daga 2012, da sunan kowane makiyayi da aka kashe ba da haƙƙi ba, a ware wa iyalansu kuɗi a kasafin shekara mai zuwa.